Na'urar kwaikwayo ko jirgin gaske: wanne ya fi koyar da tuƙi cikin hazo?

Wanda ya taɓa tsayawa a filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang cikin Janairu ya san hazo: duwatsun Jos sun ɓace, sama da ƙasa launi ɗaya. A cikin irin wannan hazo ne kunnen matuƙin jirgin sama, wanda da shi jiki ke gane daidaito, ke yi masa ƙarya, ya ji yana tafiya daidai alhali jirgi ya karkace. A 1954 Jami'ar Ilinoyi ta Amurka ta gwada matuƙa 20 da ba su koyi tuƙi da agogunan jirgi ba, wato ma'aunan da ke nuna wa matuƙi tsayi, gudu da karkatar jirgi. Da aka tare musu ganin waje, dukansu jirgin ya ƙwace musu, matsakaicin lokaci kafin ya ƙwace daƙiƙa 178.

Na'urar kwaikwayo, wato kwamfutar da ake koyon tuƙin jirgi da ita a ƙasa, akwai araha: malami ya turo maka hazo, ka faɗo sau goma, ka miƙe ka sha shayi. Sai dai kujerar ƙaramar na'ura ba ta motsi, kunne ba ya ruɗewa. Jirgin gaske kuwa shan mai gare shi kamar me, amma can ne tafin hannu ke jiƙewa da gumi, jiki na cewa hagu, agogo na cewa dama. Ni dai sa'o'in farko na'ura zan ba, amma ba na shiga jirgin wanda bai taɓa jin wannan jiri a sama ba, malami na gefensa.