Genesis ta Gabriel da ta Collins: a ina aka rabu?

Malam, ka ce ka san Phil Collins tun da daɗewa, sai ka ci karo da wani tsohon faifan ƙungiyar mawaƙa ta Genesis ka ji wata murya daban, shi ne kake tambaya ko ƙungiya biyu ce, kuma da wanne za ka fara.

Ƙungiya ɗaya ce. Ɗaliban makarantar Charterhouse a Ingila ne suka kafa ta a 1967, Peter Gabriel ke rera waƙa. Collins bai shigo ba sai a 1970, kuma ganga aka ɗauke shi ya buga.

A zamanin Gabriel waƙa ba ta gaggawa. Sai ta fara a hankali, ta sauya kiɗa a tsakiya, ta sake sauyawa, labarin kuma kamar tatsuniya. A faifan Foxtrot na 1972 akwai waƙa guda mai kusan minti 23. Shi kansa Gabriel ya taɓa hawa dandamali sanye da jar rigar matarsa da kan yanyawa, abokan kiɗansa ma ba su san zai yi haka ba. Bayan faifan The Lamb Lies Down on Broadway na 1974, ya bar su a 1975.

Yawancin mutane a nan suke ja layi, ni kuwa ban yarda ba. Saurari faifan A Trick of the Tail da na Wind & Wuthering, duka na 1976: Collins ke waƙa, amma kiɗan na nan da tsawonsa da sarƙaƙiyarsa. Sai da mai jita Steve Hackett ya tafi a 1977, suka rage su uku, Collins da Tony Banks da Mike Rutherford, sannan waƙoƙin suka fara gajarta, suka dace da rediyo. Duke na 1980 shi ne faifansu na farko da ya zo na ɗaya a Birtaniya, Invisible Touch na 1986 kuwa ya ƙara musu kasuwa a Amurka. Kuɗi dai sun samu, kuma waƙoƙin ba su da laifi, sai dai ba sa ba kunne mamaki kamar dā.

Tunda muryar Collins ka saba da ita, fara da A Trick of the Tail. In ya kwanta maka, koma baya zuwa Selling England by the Pound na 1973, wanda a ganina ya fi duka. The Lamb faifai biyu ne kuma labarinsa na da wuyar bi, bar shi sai daga baya.