Mun je gonar inabi a Ɗa'ifa, ga abin da na saya da wanda ba zan ƙara saya ba

Jama'a tun makon jiya nake son rubuta wannan, don duk shekara in zafi ya kankama sai kaji mutanenmu na unguwannin Shari' Mansur da Misfala a Makka suna tambayar ina ake samun inabin Ɗa'ifa na ainihi, ba wanda mai bagala, wato mai kantin unguwa, zai rantse maka ɗan Ɗa'ifa ne alhali daga jirgin ruwa aka sauke shi ba. To ranar Asabar na ɗauki Hajiyarmu da uwargida da yara biyu muka hau ta hanyar Hada, mun bar Makka mota na nuna zafi 43, kafin mu gama kwane-kwanen dutsen nan mu wuce birai da ke zaune bakin titi ta dawo 29, Hajiya tace in kashe esi in buɗe gilas ta shaƙi iskar Allah. Garin yana kan dutse sama da mita 1,800, kuma wannan sanyin da kake ji a jikinka shi ne rabin labarin inabin.

Gonar tana kan hanyar Shafa, akwai rumfar saida kaya a bakin ƙofa, a ciki kuma suna bari ka shiga ka zaga ka zaɓa da kanka. Ba zan faɗi sunanta ba saboda ina da ƙorafi a kansu kuma ban zo ɓata wa kowa sana'a ba, amma irinta suna da yawa a hanyar, abin da zan faɗa zai yi maka amfani a kowacce ka tsaya.

Abin da ya fara faranta min rai shi ne wanda ya tarbe mu. Dattijo ne, na yi masa sallama da Larabci ya amsa, yana jin Hajiya na yi wa yara faɗa da Hausa sai ya juyo yace "Hajiya sannunku da hanya, kun sha dutse." Ashe Bahaushen Sudan ne ɗan Mai Wurno, yace shekarunsa da yawa yana aikin gonar. Daga nan fa hira ta ɓarke, nace Baba mu dai inabi mai kyau muka zo nema kar a haɗa mu da na baƙi, yayi dariya yace ɗana biyo ni.

Ya shigar da mu ƙarƙashin rumfar inabin, an kafa ƙarafa an ja waya a sama itacen ya hau ya rufe ko'ina, nonon inabin na reto ta ƙasa sai ka sunkuyar da kai, a gindin kowane itace ga baƙin tiyo na ɗigar da ruwa kaɗan-kaɗan. Ya ciro 'yar wuƙa ya yanko mana baƙi guda, ƙanana ne ba su da wani kwarjini, wasu ma sun fi wasu girma, jikinsu duk wani fari-fari kamar an barbaɗa toka. Uwargida ta ɗauko tishu zata goge tace magani ne, yace a'a 'yata wannan daga jikinsa yake fitowa, shi ke kare shi daga bushewa, in kinga inabi yana ƙyalli sul to hannu da yawa sun taɓa shi. Na jefa ɗaya a baki, wallahi fatar ta fashe, zaƙi ya fara zuwa sannan wani ɗan tsami ya biyo baya ya wanke maka baki har kana son na biyu, ga ƙwallaye biyu a ciki. Wannan ɗan tsamin shi ne babu a manyan jajayen nan Red Globe da muke saya a kanti, waɗanda kowane ɗaya ya kusa goriba amma in ka tauna kamar ruwan sukari.

Baba yayi min bayanin da ya zauna min. Yace zafin rana shi ke tara sukari a cikin inabi, amma in dare ma zafi ne to tsamin ƙonewa yake yi ya bar zaƙi salam. A nan rana ta buga da yini, da dare sanyi ya sauko itacen ya huta, shi yasa ake samun biyun tare. Sannan da hunturu ganyen zubewa yake gaba ɗaya itacen ya yi barci kamar ya mutu, a lokacin suke masa aski su datse rassa, bazara na shigowa ya tofo, girbi kuma sai tsakiyar zafi, kamar daga Yuli zuwa Satumba. Hajiya tace ai a Kudan ta wajen Zariya ma ana noma shi, yace ya ji labari, amma can babu sanyin da zai sa shi barci da kansa sai dai manomi ya tilasta masa da aski. Abu ɗaya da ya nanata, inabi ba mangwaro ba ne ba ayaba ba, in an cire shi daga jikin uwarsa ya gama nuna kenan, ko sati zaka ajiye shi ba zai ƙara zaƙi ba, don haka wanda aka cira da wuri don ya jure tafiyar teku haka zai iso maka.

Iri uku muka ɗanɗana. Baƙin da na faɗa, shi ne gwanina. Sai fari mai ɗan tsawo da suke kira raziƙi, fatarsa siririya, zaƙinsa mai sanyi da ƙamshi, Hajiya shi ta zaɓa don bata son tsami. Sai banati mara ƙwallo wanda Turawa ke kira Thompson, yara suka rufar masa, ni dai a wajena yana da daɗi amma bai kai biyun can ba, kuma ana samunsa daga Tabuk da Ƙasim ma ba sai ka hau dutse ba.

Babban yarona ɗan sakandare ya tambaya wai irin wannan ne ake giya da shi a ƙasashen waje, uwarsa ta harare shi, nace ƙyale shi tambaya ce. Na faɗa masa abin da na sani, cewa masu giya irin nasu daban ne, ƙanana irin su Shiraz da Grenache da ake nomawa a wurare masu zafi kamar kudancin Faransa da Sifen da Ostireliya, kuma zafin da ke ƙara sukari shi ke sa tasu ta yi ƙarfi. Ita kanta Ɗa'ifa kafin Musulunci da wannan aka santa, har lokacin da wakilan Saƙifa, ƙabilar garin, suka je Madina a shekara ta 9 bayan hijira cikin abin da suka roƙa har da a bar musu giya don ita ce amfanin ƙasarsu, Annabi SAW bai yarda ba. Gonakin basu mutu ba, aka ci gaba da cin ɗanye da shanya zabibi da yin khal, wato binega. Kai ita kalmar zabib ɗin ma ta yi tafiya, a Sisili ta Italiya har yau akwai inabin da suke kira Zibibbo, daga bakin Larabawa suka samo sunan.

Ni kuma abin da ke taɓa min zuciya duk sanda na riƙe inabin garin nan shi ne labarin Addas. Lokacin da mutanen Ɗa'ifa suka jefi Manzon Allah SAW har ƙafafunsa suka yi jini, gonar Utba da Shaiba 'ya'yan Rabi'a ya fake, suka aiko bawansu Addas, Kirista mutumin Ninawa, da nonon inabi a faranti, yayi Bismillah ya ci. Masallacin Addas yana nan a unguwar Masna, mun tsaya a hanyar dawowa, Hajiya ta daɗe a tsaye bata ce komai ba.

To yanzu ƙorafi. Na cikin gona da Baba ya yanka a gabanmu babu abin cewa, kwali biyu, tsinken kore shar, ka ɗaga nonon ka girgiza ko ɗaya baya faɗowa. Amma a rumfar bakin ƙofa wasu samari ne ke saidawa, suka nuna min kwali an jera shi gwanin sha'awa an rufe da leda suka ce duk ɗaya ne kuma ya fi sauƙi da riyal 10, na ƙara ɗaya don in raba wa maƙwabta ban buɗe ba. Da muka iso gida uwargida ta ɗaga na sama, na ƙasa tsinken ya bushe yayi ruwan ƙasa, 'ya'yan sun zube a gindin kwali wasu sun fashe sun fara wari, kusan kashi ɗaya cikin uku muka zubar. Abin ya min ciwo sosai don kyauta na yi niyya, kuma mutum ya taho tun daga Makka saboda amana ce. Sannan a teburin nasu na ga manyan jajaye masu ƙyalli an ajiye su gefen na gona babu wata alama, baƙo zai ɗauka duk a nan aka cire.

Lemon inabin da suke markaɗawa a wurin ma ban ji daɗinsa ba, na ga yaron ya zuba sukari cokali biyu da ƙanƙara rabin kofi, inabin da ya riga ya gama zaƙi me zai yi da sukari. In zaka sha ka ce masa tun farko kar ya sa. Banɗaki akwai amma na mata ba ruwa a ranar, wurin sallah kuma tsaf da darduma, wurin ajiye mota ƙarami ne, mun isa kafin ƙarfe 9 mun samu, da muka fito an cika har titi.

Zabibinsu kam na yaba. Baƙi ne mai ƙwallo, a inuwa aka shanya shi, baya manne wa hannu kuma ba a shafa masa mai ba, tsadarsa bata dame ni ba tunda sai an shanya wajen kilo 4 na ɗanye kafin a samu kilo 1. Baba ne ma ya tuna mana cewa tun zamanin da Abbas ɗan Abdulmuɗɗalib ke shayar da alhazai zabibin Ɗa'ifa ake jiƙawa a ruwan Zamzam, kuma an ruwaito ana jiƙa wa Annabi SAW zabibi ya sha ruwan amma baya wuce kwana uku. Tun da muka dawo Hajiya ke jiƙa cikin hannu ɗaya da dare a jug ta sa a firji, da asuba ta sha ta tauna zabibin, ta hana kowa taɓa robar.

In zaka je ka je da sassafe kafin rana ta dafa kayan, ka wuce rumfar ƙofa ka nemi a yanka maka a gabanka, in kuma dole sai na kwali to ka sa a buɗe a ɗaga maka har ƙasa ka duba tsinken. Kar ka wanke shi sai zaka ci, a firji ya yi mana kwana shida lafiya lau. Kuma kar ka sa kwalin a but kana saukowa Makka, mu a kujerar baya muka ajiye yara suka riƙe. Baba yace mu dawo in rumman ya nuna, na karɓi lambarsa, wannan karon shi zan kira tun kafin mu taso.