Hattara da mai sayar da rigar ruwa ta jabu, ya ci min naira 85,000

Jama'a, musamman 'yan'uwa mafarauta masu shiga fadama da hunturu, ku yi hattara. Akwai wani mutum da ke tallar rigunan ruwa na farautar agwagi a Facebook, wai gwanjon Amurka ne, asalin Gore-Tex, wato wani sanannen yadi mai hana ruwa shiga. Ƙarya yake yi. Naira 85,000 na tura masa, ban da 6,000 kuɗin mota, abin da ya iso hannuna ko a 10,000 ba zan ɗauka ba.

Wani bidiyonsa na rigar ne ya ci ni, kuma har yanzu shi ke dawo min a rai. Ya shimfiɗa rigar, ya zuba ruwan buta a ƙirjinta, ruwan ya dunƙule yana gangarewa. Na kalla ya fi sau goma. To ai wannan maganin da ake fesa wa saman yadi ne kawai, ko wace riga aka fesa wa haka za ta yi, kuma wanki kaɗan yake tafiya. Sannan ƙirji ya zaɓa, inda babu ɗinki ko ɗaya. Ban ce ya zuba a kafaɗa ba. Abin da ke ƙona min rai ke nan, don na san a wuya da kafaɗa ruwa ke fara shiga.

Kada wani ya ce ban yi tambaya ba, wallahi na yi. Na tambaye shi ƙarfin tare ruwanta, ya ce milimita 20,000, wato yadin zai riƙe nauyin ruwa mai tsayin mita 20 kafin ya tsattsafo. Wanda zai tsuguna cikin kachala tun asuba yana jiran dinya da kirinjijiya, 10,000 ne mafi ƙarancin abin da zai nema. Na tambayi kaurin yadin kafaɗa da gwiwar hannu, ya ce 600D, wato lambar kaurin zaren yadin. Duk amsoshinsa na wanda ya san kaya ne. Na ce ya juya cikinta, ya turo hoto da tef na toshe ruwa a kan kowane ɗinki. Ashe hoton wata riga ce daban.

Da ta iso, a'a, tun kafin nan ma, ranar da na tura 40,000 na farko ya ce mota ta tashi. Bayan kwana biyu kuma wai direba ya ƙi ɗauka sai an cika. Na cika 45,000. Ko a lokacin ne ya karɓi 6,000 ɗin, ko washegari, yana cikin hirarmu dai. Kwana tara kafin na karɓe ta a tasha.

Rigar kirki hawa uku ce: yadin waje, siririyar fata a tsakiya da ke tare ruwa amma take barin tururin gumi ya fita, sai shafin ciki. Kowane hujin allura ƙofar ruwa ce, shi ya sa ake manne ɗinki da tef mai faɗin kusan santimita 2, da zafi ake liƙa shi. Wadda ya turo min kuwa hawa ɗaya ce, yadi ne da aka shafa wa roba a ciki, robar har ta fara ɓarewa a hammata. Babu tef ko kamu ɗaya. Zif ɗin ba shi da marufi a kansa. Aljihun harsashi babu hujin zubar da ruwa a ƙasansa. Ga ƙara kamar leda, kana ɗaga bindiga tsuntsu ya ji ka. Na ɗora kafaɗar a bakin kwano na zuba ruwa kofi ɗaya, ko minti biyar ba a yi ba ya fara ɗiga. Naira 85,000!

Na kira shi, ya ce wai ni na lalata ta. Da yamma ya toshe lambata.

Kada ku biya sai kun riƙe riga a hannu, kun juya cikinta kun ga tef, kun zuba ruwa a kan ɗinki. In nesa ne, ya juya ta a kiran bidiyo kuna gani. Hotunan hirarmu, da rasit uku, da bidiyon kwanon duk suna wayata, zan saka su nan bayan isha'i in sha Allah.