Wace fitila ta dace da tarkon faɗa-wuta a Jos?

Ƙarshen Oktoba, ruwa ya fara ɗaukewa kuma sanyin hunturu bai kankama ba, lokaci ne mai kyau na kafa tarkon faɗa-wuta a lambu, wato tarkon da ke jawo ƙwarin dare da haske domin a ɗauki hotonsu a sake su. Tarkon ba wani abu ba ne, fitilar ce ke cin kuɗi.

Irin tarkon da ake kira Robinson, mai ƙwan makuri (mercury) na wat 125, ya fi kowanne kamu, amma yana buƙatar cok, na'urar da ke daidaita wa ƙwan wuta, da wutar NEPA har asuba, ga shi yayyafi kaɗan kan fasa ƙwan idan ya yi zafi. Fitilar nan mai ƙone ƙwari kuwa kada ma a kawo ta, gawa za ka tarar.

Ni dai fitilar LED mai hasken UV, hasken da ido ba ya gani sosai amma yake jawo ƙwari, nake ba kowa shawara, wadda ake jonawa da fawa bank. Ba ta zafi, ba ta damun maƙwabta, ko an ɗauke wuta tana ci. Ka samu bokiti, ka ɗora mazurari a bakinsa, fitilar a saman mazurarin, ka jera kiret ɗin ƙwai na kwali a ciki domin ƙwarin su maƙale su natsu. Da asuba, kafin tsuntsaye da ƙadangaru su farga, ka ɗauki hoton kowanne, ka rubuta rana da unguwa, ka ɗora a iNaturalist, manhajar da ake tara hotunan halittu a gane sunayensu, sannan ka sake su cikin ciyawa. Mai masara ma zai amfana, domin uwar tsutsar nan mai cin masara da ta bayyana a Najeriya a 2016 tana zuwa wa haske.

Sai dai jabu ya yi yawa. Wani mai shago ya taɓa sayar mini da ƙwan da aka shafa wa shuɗin fenti, yana ta rantsuwa UV ne, kuma har yau abin na ci mini rai. Ka nemi fitila mai lamba 365nm. Haskenta dishi-dishi ne a ido, ba kamar mai 395 ba. Kafin ka biya, ka haska takardar naira dubu a wuri mai duhu: lambar jikinta baƙa za ta koma koriya. In mai shago ya hana gwaji, ka kama gabanka. Haka fawa bank, wani an rubuta 20,000mAh amma kafin tsakar dare ya mutu. Ka ɗaga ka ji nauyinsa, ka kuma karɓi rasit.

Kada ka yanke wa sabuwar fitila hukunci a daren farin wata, kamu kan ragu a lokacin ko wace iri ka kunna.