Danfodiyo ko ƙasar waje? Amsa ga Hajiyar da ɗanta bai samu gurbin likitanci ba

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah Ya yi wa yaron albarka. Na ga kin ce bana bai samu likitanci a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta nan Sakkwato ba, wani ejan kuma ya ce zai kai shi waje in kin sayar da filinki. Ki riƙe filinki, yaro ya zauna ya sake JAMB. Hanyoyin nan biyu duk an bi su a gidana, don haka ba da ka nake magana ba.

Ɗiyata ta fari ma sai a karo na biyu ta shiga. A karon farko wani kwas na kimiyya aka ba ta, 'yan uwa suka yi ta cewa ta karɓa, daga baya ta nemi canji. Ban yarda ba, domin canjin kwas zuwa likitanci ba abin dogaro ba ne. Ta yi kuka sosai, ƙawayenta sun tafi makaranta ita tana gida. Amma daga sallar Asuba zuwa hantsi kullum tana kan tsofaffin tambayoyin JAMB, ta fi ba Fiziks da Kemistiri ƙarfi tunda nan ne ta yi rauni. Ranar da sunanta ya fito, mahaifiyarta ta kasa magana sai hamdala. Yau tana aji biyar, tana zagayen marasa lafiya da farar riga a asibitin koyarwa na jami'ar, wato UDUTH, nan cikin gari.

Ki gane wani abu, Hajiya, don zuciyar yaron ta yi sanyi: rashin samun gurbin ba ya nufin ba shi da ƙwaƙwalwa. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. Masu nema kuwa sun ninka gurabun sau da yawa, shi ya sa yaro mai maki mai kyau cikin 400 ɗin nan na JAMB yake iya rasawa. Sai dai ɗan Sakkwato yana da wata dama a nan. Tsarin jami'o'in tarayya shi ne kashi 45 cikin ɗari na cancanta zalla, 35 na 'yan yankin da jami'a take, 20 na jihohin da aka bari a baya a karatun boko, kuma jiharmu ta shiga rukunin biyu na ƙarshe. Ki tabbata dai yana da kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Gara su zo a zama ɗaya, don makarantun likitanci da yawa ba sa son haɗi.

Karatun kansa shekara shida ne, kuma ba wasa. Shekarar farko a mazaunin jami'ar na dindindin ake yin ta, bayan an haye gadar Kwalkwalawa, tare da sauran 'yan kimiyya. Daga aji biyu ake shiga ainihin abin: anatomi, fiziyoloji da bayokemistiri. Ba na manta makon da ɗiyata ta fara shiga ɗakin gawa. Kwana uku ba ta iya cin nama ba, warin maganin da ake adana gawa da shi ya kama mata hijabi. Wata 'yar aji huɗu ce ta zaunar da ita, ta ce mata kowa da haka ya fara, ta tuna mata cewa wannan gawar mutum ce mai haƙƙi, a riƙa tsayawa a kanta da ladabi. Ta kuma ba ta littattafanta kyauta, da sharaɗin in ta gama ta miƙa wa na baya. Ta miƙa kuwa. Wannan ɗabi'a ce ta fi burge ni a wurin: manya suna koya wa ƙanana darasi da yamma ba ko kwabo, ana karatun dare rukuni-rukuni, ga zafin watan Afrilu da ya kan haura digiri 40, wani lokaci ga azumi a baki. Makin cin jarrabawa 50 ne, kuma babbar jarrabawar da ake yi kafin a shiga asibiti tana kayar da masu ƙoƙari ma. Wasu su sake rubutawa, wasu su maimaita aji. Lokacin da wata ƙawarta ta faɗi, 'yan ajinsu ne suka raba darussa a tsakaninsu suna bi da ita har ta haye. Mu kuma muna kusa, ranar Juma'a a kai mata tuwo da fura, ta ga fuskar uwarta ta koma da ƙarfinta.

Ga wani amfanin da ba a cika lissafawa ba. Marasa lafiyar da take gani mutanenmu ne, daga Kebbi, Zamfara, har da masu tsallakowa daga Nijar ta Illela. Zazzaɓin cizon sauro, sanƙarau lokacin zafi, tamowa, sikila, matsalolin haihuwa: cututtukan da za ta yi ta gani ke nan iyakar aikinta. Tsohuwa ta yi mata bayanin ciwonta da Hausa, ta gane ba tafinta. Aibin da ba zan ɓoye miki ba shi ne yajin aiki; na 2022 kaɗai wata takwas ya cinye wa jami'o'in gwamnati.

Waje kuma, to, akwai makarantu nagari, kuma mai kuɗin da ya isa shekara shida da dala ba zan hana shi ba. Ni dai ɗan ƙanena na tura, na sayar da gonata, shekara biyu ya dawo ba takarda. Mun yi lissafi dala tana ƙasa da naira 500, bayan faɗuwar naira a 2023 ta zo ta haura 1,500. Wanda ma ya gama lafiya, sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa maras lafiya a Najeriya. Kin kuma ga yadda aka kwaso yaranmu daga Yukiren a 2022 da Sudan a 2023.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da ejan ɗin nan. Wanda ya yi mana hanya kuɗin shekarar farko kawai ya faɗa, ya ɓoye na masauki da na takardar zama, ya ce da Turanci ake komai, ashe a asibiti da harshen ƙasar ake magana da marasa lafiya. Da kuɗi suka shiga hannunsa, waya ta daina shiga. Akwai irinsu na cikin gida ma, masu cewa suna da wani babba a jami'a, a kawo kuɗi a sayi gurbi. Duk admishan da bai fito a shafin CAPS na JAMB ba, yaro ya shiga da kansa ya karɓa, ba admishan ba ne. Kada ki ba kowa lambar sirrin shafin yaron, kada ki tura kuɗin makaranta asusun wani mutum.

Ki saya masa fom idan an buɗe, ya sa Danfodiyo zaɓin farko, ki nema masa malamin Fiziks da Kemistiri tun yanzu, kada a jira saura wata ɗaya. Littattafan JAMB na ɗiyata suna nan a ajiye. Ki turo shi gida ya ɗauka, in ya zo ranar Juma'a da yamma zai iya samun ta su yi magana.