Fili, Bene Ko Ƙarƙashin Ƙasa: Zaɓen Wurin Ajiye Motoci A Tashar Jirgin Ƙasa Ta Bayan Gari

Duk hukumar da ke shirin samar wa ma'aikata masu hawa jirgi zuwa aiki wurin ajiye motoci a tashar jirgin ƙasa ta bayan gari, ya kamata ta yi lissafin fili kafin ta nemi ɗan kwangila. Mota guda, idan aka haɗa da hanyar shiga da ta juyawa, tana cin murabba'in mita 25 zuwa 30, wato hekta guda ba ta ɗaukar fiye da motoci 400. Motar ma'aikaci kuwa tun safe take zaune har yamma, saboda haka gurbi ɗaya fasinja ɗaya ko biyu yake kawowa a yini, alhali dogon jirgi guda na iya kwashe masu motocin gaba ɗaya.

Shimfiɗa kwalta a buɗaɗɗen fili shi ne mafi arha, kuma ba ya ɗaukar lokaci, domin abin da yake bukata bai wuce magudanar ruwa da fitilu da shinge ba. Yana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba, ita ce ana iya tashinsa a yi gini a wurin idan gari ya matso. Amma yana cinye filin da ke bakin tasha, wanda shi ne mafi daraja, ya tura gidaje da shaguna nesa, har mai zuwa da ƙafa ya riƙa ratsa layukan motoci kafin ya kai ga jirgi. A ganina ya dace ne kawai da tashar da ke can gefen gari, kusa da babbar hanya, inda fasinjoji ke fitowa daga ƙauyuka masu nisa.

Bene mai hawa-hawa yana rage cin fili, sai dai kuɗin gina kowane gurbi yakan ninka na fili sau da dama, ga ɗawainiyar lif da masu gadi da gyaran kankare shekara da shekaru. Tilas a tambayi mai zane yawan ƙofofin fita, domin da yamma jirgi kan sauke jama'a a lokaci guda, kowa ya nufi ƙofa. A kuma tambayi tsarin kashe gobara, ganin yadda wuta ta ƙone motoci sama da 1,000 a wani bene na birnin Liverpool a Ingila ranar ƙarshe ta shekarar 2017.

Na ƙarƙashin ƙasa ya fi duka tsada saboda haƙa da tare ruwa da shigar da iska, kuma da wuya tashar bayan gari ta mayar da kuɗinsa.

Kafin a yanke shawara, a auna kuɗin da za a kashe a kan kowane fasinja, a kwatanta da rumfar kekuna da motocin safa masu kawo mutane tasha. Gurbin mota ɗaya yana ɗaukar kekuna 8 zuwa 10, kuma babbar tashar Utrecht ta ƙasar Holan tana da wurin ajiye kekuna 12,500 da aka kammala a 2019.

Ko wanne aka zaɓa, kada a bar shi kyauta, domin wurin kyauta yakan cika tun da asuba da motocin waɗanda gidajensu ke kusa, mai zuwa daga nesa ya rasa gurbi. A sa kuɗin yini daidai gwargwado, a ware wa naƙasassu gurabu a bakin ƙofa, a kuma bar wani kaso ga masu zuwa da hantsi.