Lasota ta ruwan sha: maganin na aiki, mai shagon ne ban yafe wa ba

Hunturu na gabatowa na sayi kwalbar Lasota, rigakafin cutar fakat, mai ɗaukar kaji 1000 a wani shagon magungunan dabbobi, don fakat ta taɓa share mini keji guda, kuma ba na son in sake ganin kaza tana kashi kore, wuyanta a murɗe. Na zuba a ruwan sha kamar yadda kowa ke yi, na koma na kwanta hankalina kwance.

Bayan mako uku likitan da ke duba mini kajin ya ɗebi jinin guda ashirin daga jijiyar fiffike ya kai awo. Sakamako ya fito, garkuwar da ke jinin yawancinsu ba ta kai matakin kariya ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce jabu aka sayar mini.

"Alhaji, da wane ruwa ka haɗa?"

"Na famfo mana, Dakta."

Ya girgiza kai. Ashe ƙwayar da ke cikin kwalbar mai rai ce, sai dai mai rauni ce, kuma sinadarin kulorin na ruwan famfo yana kashe ta tun kafin ta shiga bakin kaza. Ya ce rigakafin da ke bi ta baki haka yake da laulayi. Ko a New Zealand, inda wata dabba mai suna fosum ke yaɗa tarin fuka ga shanu, da masana suka gwada ba ta rigakafin tarin fuka mai suna BCG ta baki, sai da suka lulluɓe shi da kitse don ruwan tumbi kada ya halaka shi kafin ya kai hanji.

Muka sake. Na janye musu ruwa na awa biyu da sassafe, na ɗebo na rijiya, na kaɗa garin madara marar maiƙo giram 2 a kowace lita, na buɗe kwalbar a cikin ruwan, na ƙara mazuban roba don kada ƙarfafa su hana raunana sha. Kafin awa biyu sun lashe shi ƙarƙaf. Awo na biyu ya fito da kyau, har likitan ya kira ni da kansa. Maƙwabcina ya yi asara a watan Janairu, ni ko ɗaya ba ta faɗi ba, alhamdu lillahi.

To amma duk lokacin da na tuna ranar sayen farko, sai abin ya dawo mini sabo. Firjin shagon a kashe yake, babu wuta tun dare. Yaron ya ciro kwalbar daga wata kula, ƙanƙarar ciki ta narke ta zama ruwa mai ɗumi-ɗumi, har takardar jikin kwalbar ta jiƙe ta fara saɓulewa. Maganin da ake so ya zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8! Na yi magana, ya ce, "Ba komai Alhaji, haka kowa ke saye." Maganar kulorin, ko madara, ko janye ruwa, uffan bai ce ba. Kuɗi kawai ya ƙirga.

Kwalba ta biyu a wani wuri na saye ta, na tafi da kulata cike da ƙanƙara. Kuɗin awo sau biyu da na kwalbar banza duk daga aljihuna suka fita, kuma mako uku cur kajina suna zaune babu kariya ina zaton suna da ita.